Wasiƙa daga Landan: gimbiyar da ta kulle daji

Mutumina,

Assalamu alaikum. Wata biyar shiru kamar an aiki bawa garinsu. Laifin namu ne mu biyu, amma naka ya fi. Ya jikin Hajiya? Batun kuɗin da ka tambaya zan zo kansa.

Ranar Asabar yara suka ja ni dajin shaƙatawa na Richmond kallon bareyi, a can na ji labarin Gimbiya Amelia, 'yar Sarkin Birtaniya George na Biyu, wadda aka haifa a Hanoba ta Jamus a 1711. Da aka ba ta riƙon dajin a 1751, sai baiwar Allah ta sa aka rufe ƙofofi, ba mai shiga sai 'yan gaban goshi da masu takardar izini. Ka san wa ya yi maganinta? Wani mai dafa giya, John Lewis. Ya maka mai gadin ƙofa a kotu, a 1758 alƙali ya ba shi gaskiya, dole aka kafa wa talakawa tsani a jikin katanga. Mai giya fa, ya kayar da 'yar sarki! Ni dai na sara masa.

Ba ta taɓa aure ba, ka ga kun yi anko. An so haɗa ta da ɗan gwaggonta Frederick na Furushiya, wata tsohuwar masarautar Jamusawa, ubansa ya aura masa wata a 1733. Ita kuwa ta kama dawakai da farauta da karta, har kurumta ta zo mata. Wai da ta mutu, ranar 31 ga Oktoban 1786, an tarar da ƙaramin hotonsa a jikinta. Shekara hamsin da ɗoriya, malam! Kai wata uku ka yi ka manta da 'yar Fagge.

Jiya na biya kuɗi na shiga cocin Westminster neman kabarinta. Tana ƙarƙashin daɓen sashen cocin mai sunan Sarki Henry na Bakwai, wuri ɗaya da iyayenta, masu yawon buɗe ido na ta wucewa ta kai. Uban ma da wasiyyarsa: a cire gefen akwatinsa da na matarsa Caroline don ƙasusuwansu su haɗu.

Af, da gaske ne Ɗanlami ya sayar da babur ɗin ya ƙara aure? Wa ya ba shi? Ka rubuto da cikakken bayani, kada ka rage komai.

Naka har kullum,
Bala