Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Ministan Kiwon Lafiya a kan masu ciwon jijiya da tsoka

Mai girma Minista, assalamu alaikum.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina rubuto maka wannan wasiƙa daga Tawa a kan wasu marasa lafiya da ba a cika jin labarinsu ba, domin ciwonsu ba ya yaɗuwa kamar sanƙarau ko baƙon dauro, kuma ba ya kisa cikin mako guda. Ina nufin masu cututtukan ƙwaƙwalwa da jijiya da tsoka waɗanda ke ƙaruwa sannu a hankali, irin su ciwon karkarwa na Parkinson, da ciwon Charcot mai kashe jijiyoyin motsi, da ciwon tsoka na Duchenne da ke kama yara maza. Har yau ba a samu maganin da ke warkar da ko ɗaya daga cikinsu ba, shi ya sa wanda ya yi tafiyar sama da kilomita 500 zuwa Yamai don ganin likitan jijiya yakan dawo gida da takardar magani da kalmar haƙuri, daga nan kuma iyalinsa su shiga neman mai karya sammu har dabbobin gida su ƙare.

Abin da nake roƙo shi ne a samar wa waɗannan bayin Allah ma'aikacin ergoterapi, wanda aikinsa shi ne koya wa mara lafiya yadda zai ci gaba da yin ayyukansa na yau da kullum da ɗan ƙarfin da ya rage masa. Aikinsa ya bambanta da na kine, wanda ke motsa gaɓoɓi don kada su ƙage, kodayake su biyun tare suke tafiya. Shi mai ergoterapi tambayarsa ita ce yadda mutum zai ci tuwo da hannunsa, ya yi alwala, ya kewaya ba tare da an ɗauke shi ba.

A ɗauki dattijo mai ciwon Parkinson. Ƙwayoyin ƙwaƙwalwa masu samar da sinadarin dofamin ne ke mutuwa, sai hannu ya riƙa rawa, jiki ya yi tauri, ƙafa ta ƙi ɗaguwa. Maganin lebodofa yana sassauta lamarin na wasu sa'o'i, saboda haka ma'aikacin yakan tsara wa mutum wanka da sa tufafi a lokacin da maganin ke aiki. Idan ludayi yana suɓucewa, sai a naɗe mariƙinsa da robar tayar keke ya yi kauri, a zuba fura a kofi mai murfi da hannu biyu. Irin wannan dattijo yakan zo bakin ƙofa ya tsaya cak kamar an dasa shi, to idan aka ja masa layuka a ƙasa da alli ya riƙa tsallakawa, ko jikansa ya riƙa ƙirga masa ɗaya, biyu, sau da yawa ƙafar kan saki. Wurin da ya fi ba da wahala, wanda kunya ke hana mutane faɗa wa likita, shi ne ban-ɗaki na tsugunno. Kujera mai rami a tsakiya da ƙarfen dafawa a jikin bango, waɗanda kowane mai walda a kasuwar Tawa ko a kasuwar Katako ta Yamai zai iya haɗawa, sun isa su sa magidanci ya daina kiran surukarsa ta riƙe shi.

Ciwon Duchenne ya fi tsanani ga iyaye. Gado ne da galibi ke bi ta wajen uwa, yana samun kusan yaro ɗaya cikin maza 3,500 zuwa 5,000, kuma alamunsa kan bayyana tsakanin shekara 3 zuwa 5, lokacin da za a ga yaro yana yawan faɗuwa, sha-raɓarsa ta yi girma, in zai tashi daga ƙasa sai ya dafa gwiwoyinsa da cinyoyinsa. Yawancinsu kan daina tafiya kafin shekara 13. Iyaye da yawa suna tilasta wa yaron gudu da ɗaukar kaya da niyyar ya yi ƙarfi, alhali wahalar da tsokar ƙara lalata ta yake yi. Ma'aikacin da ya san ciwon zai hana wannan, ya yi wa yaron takalmin dare mai riƙe idon sawu, ya auna masa keken guragu mai majingini daidai jikinsa don rage karkacewar ƙashin baya, ya kuma gyara masa wurin zama a aji. Keken da ake rabawa a taron biki ba tare da awo ba, mai siririyar taya da ke nutsewa cikin yashinmu na yankin Adar, sau da yawa a bayan ɗaki yake ƙarewa.

Mai ciwon Charcot kuwa yakan rasa magana alhali hankalinsa garau, kuma allon hotuna da zai nuna da ido, da kunu mai kauri da ake ba shi yana zaune a miƙe don kada ya shaƙe, da koya wa matarsa juya shi a kan lokaci don gudun gyambon kwanciya, su ne ke sauƙaƙa shekarun da suka rage masa.

Tun da waɗannan cututtuka ba sa tsayawa wuri ɗaya, abin da ya yi amfani bana ba lallai ya yi baɗi ba. Ziyarar ƙwararrun waje ta mako biyu ba za ta wadatar ba, dole ne a samu ma'aikaci mazaunin jiha da zai riƙa komawa gidan mara lafiya, ya kuma horar da ma'aikatan ƙananan asibitoci na karkara.

Mai girma Minista, Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu a 2008, kuma a watan Mayun 2023 babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya zartar da ƙudurin da ya nemi ƙasashe su saka aikin taimaka wa marasa lafiya su ci gaba da ayyukansu na yau da kullum cikin tsarin kiwon lafiyarsu. Ina roƙon ka haɗa kai da takwaranka na ilimi mai zurfi domin a horar da masu ergoterapi a tsangayar kiwon lafiya ta Jami'ar Abdou Moumouni ko a makarantun horar da ma'aikatan lafiya, a kuma ware musu guraben aikin gwamnati, domin matashi ba zai karanci fannin da babu ɗaukar aiki a cikinsa ba. Kafin rukunin farko ya kammala, ana iya ba ma'aikatan kine da ke asibitocin jihohi gajeren horo, a haɗa su da maƙera da kafintoci da dukawan garuruwansu, a kuma tabbatar lebodofa ba ya yankewa a kantunan magani na jihohi, tun da tsayar da shi farat ɗaya yana da haɗari ga mai shan sa. Ina fatan a fara gwajin a babban asibitin jihar Tawa.

Allah ya taimake ka a kan nauyin da aka ɗora maka.

Wassalam,
Wani ɗan ƙasa, daga Tawa