Zuwa ga Tanko, kan maganar hoton ciki

Tudun Wada, Kaduna
Daren Laraba

Tanko,

Bayan gaisuwa, da fatan ka isa Abuja lafiya. Fata kawai nake yi, tunda ba daga bakinka na ji tafiyar ba. Sai da na dawo daga masallaci ranar Litinin Hajiya take gaya min wai tun da duhu ka kama hanyar Rigasa don ka riski jirgin farko. Ko ƙofata ba ka ƙwanƙwasa ba. Na kira ka sau uku, tana shiga ba a ɗauka. Shi ya sa na ɗauki biro, Auwalu direba zai kawo maka.

Tun farko na ce kada a tambayi likita mace ce ko namiji. Hoton nan na wata biyar ana yinsa ne don a ga kwanciyar ɗa, a ga inda mabiyiya take, a san ko tagwaye ne. Kuka ce tsohon yayi gare ni. To ga shi, maman Ummi ba ta ma sauka daga Keke Napep ba ƙanwarka ta riga ta zuba labarin cewa mace ce a zauren WhatsApp na gida, mutum sama da arba'in. Gwaggonka ta Kawo har da rubuta "Allah ya sa na gaba a dace", kamar wadda ta zo jaje. Ita zan ji da ita daban.

Ranar Lahadi da daddare ina kan tabarma ina kallonka. Aka ajiye maka tuwo, ka buɗe kwano, ka mayar da murfi, ka ce "biyar ke nan" ka tashi. Kai ba ka ga wanda ke tsaye a bakin ƙofa ba. Ummi ce, riƙe da ruwan wanke hannunka. Ta fi minti biyu a wurin da kwanon, ruwan yana ɗiga a kan ƙafarta, sannan ta ajiye a hankali ta koma ɗaki. Jiya na tsokane ta yadda muka saba, na ce amarya ina abincina, ba ta yi dariya ba. Cewa ta yi, "Alhaji, da ni namiji ce da Abba bai tafi ba ko?" Shekararta tara, Tanko.

Wannan ne ya hana ni barci kwana uku. Raɗe-raɗin da nake ji na cewa kana neman aure a can bai dame ni kamar wannan ba. Ƙarin aure halal ne, ni ma biyu gare ni, kuma ko gobe aka tambaye ni zan ce ba don neman namiji na ƙara ba, akwai dalilan da kai ba ka sani ba. Abin da nake tsoro shi ne yarinyar nan ta girma da wannan magana a ƙirjinta, ta gaya wa ƙannenta, su tashi su biyar suna yi maka biyayya suna kuma tsoron fuskarka.

Na san abin da nake faɗa. A 1988 da aka haifi Binta, ta huɗu ke nan, ranar suna na ce ina da aikin safe a masaƙa. Ƙarya ce, canjin aiki na roƙa da kaina. Kawunka ne ya tsaya aka yanka rago aka raɗa suna, ni ina Kakuri a gaban inji har la'asar. Lokacin marigayiya kakarku ta sa ni a gaba, kullum maganar wa zai gaji gida, abokai a wurin aiki suna kirana uban 'yan mata, kuma yaro ne ni, ban kai shekarunka na yanzu ba. Na ɗauka babu wanda ya lura. Sai bayan shekara talatin, ina kwance a asibiti lokacin ciwon ƙafar nan, Yayarka Hajara tana gyara min ƙarin ruwa, ta ce, "Baba, ranar sunan Binta na zauna a zaure da sabon ɗankwalina ina jiranka har rana ta faɗi." Ba da faɗa ta faɗa ba, har murmushi take yi. Da ma zagina ta yi da ya fi min sauƙi.

Kuma ita wannan Hajarar, da aka rufe masaƙa a 2002 muka wayi gari ba albashi ba sallama, da albashinta na sabuwar nas aka riƙa awo a gidan nan. Kuɗin makarantarka tun daga aji ɗaya na sakandare daga jakarta ya fito. Sunan da muke kiranka da shi ma arzikinsu ka ci, don ba a ce wa yaro Tanko sai ya biyo mata. Yau kai ne za ka ture tuwo don an ce maka mace? Ba ka ji kunya ba? Ka yi sauka a gaban Malam, ka karanta a Suratun Nahli yadda Allah ya siffanta wanda aka yi wa bushara da 'ya mace fuskarsa ta yi baƙi. Ranar Lahadi na ga wannan fuskar a tsakar gidana. A Suratush Shura kuwa da aka zo maganar kyautar 'ya'ya, mata aka fara ambata kafin maza. Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, 'ya'yansa maza duk suna ƙanana suka rasu, ta Nana Faɗima zuriyarsa ta yaɗu.

In kuma boko kake so, tambayi Hajara. Ta zana min a bayan katin asibiti: ƙwan mace iri ɗaya yake ɗauke da shi, wanda suke kira X, namiji ne ke zuwa da X ko Y, abin da ya kawo shi ake haifa. Wanda ya shuka gero ba ya hararar gona don ba ta ba shi dawa ba. Ta kuma ce hoton yakan yi kuskure jefi-jefi, amma kada ka riƙe wannan, ban so ka yi wata huɗu kana addu'ar na'ura ta yi ƙarya.

Maman Ummi ba ta cin abinci sosai, ƙafafunta sun kumbura, an auna jininta jiya an ce ya ɗan hau. Ka san yadda aka sha da ita a cikin Walida. Ba ta kai ƙararka wurin kowa ba, ko gidansu ba ta kira ba.

Na san nauyi ya yi maka yawa, kuɗin haya a can, makarantar yara a nan, ga tsadar komai. Ban ce kai mugu ba ne. Kai ne ka goya Ummi a kafaɗa daga filin Idi har gida tana barci, ban manta ba. Ka shigo jirgin Juma'a. Kafin ka zo gaishe ni ka fara shiga ɗakinsu, ka kira ta ita kaɗai ka zauna da ita. Ragon suna ni zan saya a Zango, kuma in Allah ya sauke ta lafiya ina so a sa wa yarinyar Hajara.

Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka