Dattawan da ke shiga tsibbu bayan ritaya

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ɗan fili a wannan jarida domin wani abu da ke damun mu a nan Katsina. Mutum ya cika shekara 60, ko ya yi 35 yana aikin gwamnati, ya ajiye aiki, fansho ba ya kai shi ƙarshen wata. Sai ka ji ya sayo littattafan sirri a kasuwa, ya zuba rairayi a faranti, ya shimfiɗa buzu a zaure. Kafin shekara ta zagayo mata sun fara layi. Furfura ce ke jawo su, domin ba mai iya tambayar dattijo mai carbi wajen wa ya yi karatu.

Katsina ba baƙuwar wannan fanni ba ce. Muhammad al-Fulani al-Kashinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, ya yi rubutu a kan hatimi, wato zanen gidaje da ake cika wa da lambobi, a 1732, kuma har gobe masana tarihin lissafi na ambaton sa. Shi a gaban malamai ya yi karatunsa. Na yanzu littafi kaɗai gare shi, littafi kuwa ba ya ce maka ka yi kuskure.

A ɗauki hisabi. Kowane harafi da adadinsa: alif 1, ba 2, jim 3, dal 4. To amma lissafin iri biyu ne. A na Gabas, wanda bugun Masar da Beirut ke bi, sin 60 ce, shin 300. A na Magrib, wanda malamanmu suka gada, sin 300 ce, shin 1000. Sunan Musa 116 ne a ɗaya, 356 a ɗayan. Sabon shiga yakan ɗebi adadi a wannan littafi ya zuba a ƙa'idar wancan, bai ma san ya gauraya ba.

Hatimi mai gida tara ma haka. Ana cire 12 daga adadin da ake so kowane layi ya bayar, a raba saura gida uku, abin da ya fito shi ake farawa da shi, ana ƙara ɗaya ɗaya. Idan 66 ne, a fara da 18 a ƙare a 26, tsakiya 22, kowane layi ya ba da 66. Idan kuwa adadin ba ya rabuwa gida uku, kamar 92, babu yadda za a yi layukan takwas (uku a kwance, uku a tsaye, biyu a karkace) su daidaita duka, saboda jimlar kowane layi ninki uku ce ta gidan tsakiya. Lissafi ne zalla, ɗan sakandare zai iya.

Bugun ƙasa kuwa layi 16 ne na ɗigo da yatsa, a soke bibbiyu, a ga ko ɗaya ya rage ko biyu. Daga nan ake samun siffofi huɗu na ɗigo da ake kira uwaye, su haifi 'ya'ya, a yi ta haɗawa har a kai ga shaidu biyu da alƙali. Ɗigon alƙali dole ya zama mai rabuwa biyu, don haka siffa takwas ce kawai cikin siffofi 16 na bugun ƙasa ke iya zama a gidan. Wanda ya samu akasin haka ya yi kuskure, amma sai ya ɗaga kai ya ce wa baiwar Allah da ta zo duba kishiyarta ce ta yi mata sammu. Ko da bai yi kuskure ba, ɗigon da yatsansa ya yi ba shi da hanyar sanin abin da ke zuciyar kishiya. Gaibu na Allah ne, kuma hadisi ya tabbata a Muslim cewa wanda ya je wa mai duba ya tambaye shi, ba a karɓar sallarsa ta dare arba'in. Ina ga mai zaman bayar da amsar?

Inda muka fi jin tsoro shi ne halwa. Littattafan nan suna umartar mutum ya kulle kansa kwana 7 ko 40, yana azumi, ya bar nama da madara, ya rage barci, yana jan wuridi dubbai, kamar Ya Laɗifu ƙafa 16,641, wato 129 sau 129. Jikin ɗan shekara 65 mai ciwon suga ba zai ɗauka ba. In yana shan magani ko allura kuma ba ya cin abinci, suga na faɗuwa ƙasa da 70 a na'urar awo, sai rawar jiki, gumi, gani dishi-dishi, ruɗewa. Abin takaici, shi zai ɗauka rauhani ne ya iso, sai ya ƙara dagewa. Wanda aka samu a haka, in yana iya haɗiya, a dama masa suga ƙaramin cokali uku a ruwa, in ya suma kada a ɗura masa komai, a garzaya asibiti. Ga kuma kaskon turare a ɗakin da aka toshe ƙofa da taga. Garwashi na fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari, farkonta ciwon kai da jiri, ƙarshenta a fasa ƙofa a tarar da gawa.

Cutar ba ta tsayawa a kansa. Tawadar allo ta asali gawayi ce da ƙaro. Sabon shiga yakan yi rubutun sha da tawadar kanti, ko ya zuba kwalli, alhali kwallin dutse dalma ce a cikinsa, kuma mun ga abin da gubar dalma ta yi wa yara a Zamfara a 2010. Wasu suna sa 'ya'yan zaƙami a haɗin sha don mai nema ya "ga aiki". Baki ya bushe, ƙwayar ido ta buɗe, jiki ya yi zafi, mutum ya yi ta surutai, sai a ce aljanu ne, a sake kai shi wajen wanda ya ba shi. Zaƙami ba shi da awon da za a ce lafiya lau ne, ƙarfinsa ya bambanta daga wannan tsiro zuwa wancan.

Muna roƙon limaman Juma'a na Katsina da Daura su ware huɗuba a kan wannan, masu unguwanni kuma su riƙa leƙa sababbin zaurukan. Iyalai su ma, idan Baba ya ce zai shiga halwa, kada kunya ta hana a tambaye shi maganin sugarsa da na hawan jini. A bar taga a buɗe, a fitar da kaskon kafin ya kwanta, kuma a ajiye mabuɗin ɗakin na biyu a hannun uwargida.

Wassalam.

Wasu almajiran zaure,
Birnin Katsina