Ina aka kwana kan matatar man Mashi?

Malam Edita, assalamu alaikum. Ka ɗan ba ni fili a wannan jarida tamu mai farin jini.

Ni mai injin niƙa ne a nan Daura. Kafin ciwon baya ya sauke ni daga sitiyari, na yi shekaru ina jan babbar mota tsakanin Kano da Damagaram ta Kwangwalam. A idona 'yan China suka gina matatar mai ta SORAZ a kusa da Damagaram ta Nijar, aka buɗe ta a 2011, tana tace ganga 20,000 a rana. Lokacin dariya muke yi a tasha, muna cewa me Nijar za ta yi da matata, alhali fetur ɗinmu ake tsallaka musu da shi a jarkoki?

Su kuwa 'yan Chinan sun san abin da ya kawo su. Tun 1993 man da China ke haƙowa a gida ya daina isarta, yau babu ƙasar da ta kai ta sayen ɗanyen mai a duniya. Mai irin wannan ƙishirwa ba ya dogara da rijiya ɗaya. Shi ya sa kamfaninsu na mai, CNPC, ya shiga haƙar mai a rairayin Agadem da ke gabashin Nijar a 2008, zamanin Tandja Mamadou. Da man ya yi yawa, suka shimfiɗa bututu mai tsawon kusan kilomita 2,000 har gaɓar teku a Benin, jirgin farko ya yi lodi a watan Mayun 2024. A shekarar ce kuma suka ba gwamnatin sojan Nijar dala miliyan 400, a biya su da mai. Ban ga laifinsu ba, kowa gidansa yake yi wa tanadi.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya namu ne. A watan Yulin 2018, gaban marigayi Muhammadu Buhari, ɗan garinmu, da Mahamadou Issoufou, shugaban Nijar na lokacin, aka sa hannu a Abuja cewa za a jawo man Agadem zuwa jihar Katsina, a gina matata, har aka ambaci Mashi. Na san yaran da suka fara lissafin aikin da za su nema. Ina bi ta Mashi duk lokacin da zan je Katsina, har yau ban ga ko bulo ɗaya ba. Man da ke bayan gidanmu ya kewaye mu ya nufi teku.

Jiya wata tsohuwa ta kawo masara tiya biyu. Da na faɗi kuɗin niƙa sai ta kwance bakin zanenta, ta ƙirga, ta ce in niƙa tiya ɗaya, ɗayar ta dake a turmi. Man gas ɗin da nake zuba wa injin daga Kudu ake hawo da shi a tanka, kuɗin motar kuma a kan tsohuwar yake ƙarewa.

Ina roƙon 'yan majalisarmu na shiyyar Daura su tashi a zauren majalisa su tambaya: takardar 2018 tana nan da ranta, ko an soke ta? In an soke, a faɗa mana ranar da dalilin.

Naku,
Wani mai injin niƙa, Daura, jihar Katsina.