Zuwa ga Injiniyan da Ya Ce Wasan Yara Nake Koyarwa

Assalamu alaikum, Injiniya.

Ka miƙe a bainar jama'a ka tambaye ni me ya kai ni ƙera ɗan tsarin gwajin manhaja, alhali ga Jest ga Mocha, sanannun kayan gwajin manhajar da aka rubuta da harshen JavaScript. Ka kuma ce abin wasa irin wannan ba zai iya da gwajin da sai an jira sakamakonsa ba, kore (alamar gwaji ya ci) kawai zai nuna ko aikin ya lalace. Ta farkon ba ta dame ni ba. Ta biyun ce ta tsaya mini a rai, don cewa ka yi ƙarya nake koya wa ɗalibaina.

To saurara. Duk gwajin da aka rubuta, a layi ake jera shi tukuna. Sannan mai gudanarwa, wato sashen da ke kunna gwaje-gwajen, ya bi su ɗaya bayan ɗaya, da await (umarnin a jira sakamako) a gaban kowanne, cikin try da catch (tarkon kama kuskure). In Promise, wato alkawarin sakamakon da ake jira, ta cika, gwaji ya ci. In ta ƙi, ya faɗi, a buga sunansa da dalilin faɗuwar. Koren ƙaryar da kake tsoro yana zuwa ne in mai gudanarwa ya wuce bai jira ba, kuma maganinsa, wato await, na cikin JavaScript tun 2017. Gwajin da ya maƙale kuwa, tsere nake sa shi da agogo ta Promise.race, mai ɗaukar wanda ya riga gamawa, daƙiƙa 2 kamar Mocha. Jest kuwa daƙiƙa 5 yake bayarwa. Wanda ya manta await a cikin nasa gwajin, wannan ko Jest ɗin naka yana iya ruɗuwa, ka fi ni sani. Gani ya kori ji, kwamfutata tana nan.

Batun "ai akwai wani", Node ma, manhajar da ke gudanar da JavaScript, ya saka nasa mai gwajin a sigar 18 a 2022, Mocha na raye. Kent Beck da Erich Gamma da ƙaramin abu suka fara JUnit, tsarin gwaji na harshen Java, a 1997. Su ma a tura musu tambayar.

Na ji kwas ɗinka na Jest na kuɗi ne. Ban ce shi ya sa ba, Allah ya ƙara kasuwa.

Abin da ke ba ni takaici a Kano shi ne, yaro zai tara kuɗi ya sayo tsohuwar kwamfuta a Beirut Road, ya ƙona data wajen sauke kayan da bai san cikinsu ba, a yaba masa. Ranar da ɗan gida ya buɗe masa cikin injin, sai manya su ce ɓata lokaci ne. Nawa ɗaliban dai sun san dalilin da gwaji ke nuna ja, alamar faɗuwa. Naka ka tambaye su.

Wassalam.