Kafin a ɗaura takalmi a shiga fili

Malam Edita, assalamu alaikum.

Muna roƙon ka ba mu ɗan fili a jaridarka domin mu taɓo wani ɓangare na wasanni da ba kasafai ake waiwayarsa ba. Shafin wasanni kullum cike yake da wa ya ci, wa aka lallasa, wane ɗan wasa aka saya. Wannan duk abincin 'yan kallo ne. Wanda yake son ya shiga wasa da jikinsa kuwa ba ya samun abin riƙewa, shi ya sa da yawa kan fara da zafi, kafin wata ya zagayo gwiwa ko idon sawu ya zaunar da su. Da za ku riƙa ware ko da rabin shafi ne a mako don irin wannan bayani, da an rage masu ɗingishi.

An saba raba wasanni zuwa na ƙungiya da na mutum ɗaya, ko na ƙasa da na ruwa. Wannan rabo ya fi amfanar masu shirya gasa. Abin da ya kamata mai shiga wasa ya tambaya shi ne: me wannan wasa yake nema daga jikina? Akwai masu neman juriya, kamar ninƙaya da tseren keke da gudun famfalaƙi mai nisan kilomita 42.195, inda zuciya da huhu ke ɗaukar nauyin aikin. Akwai masu neman ƙarfi da zafin nama cikin ɗan lokaci, kamar ɗaga ƙarfe da tsalle da gudun mita 100, wanda Usain Bolt ya gama cikin daƙiƙa 9.58 a birnin Balin na Jamus a 2009. Dambe da kokawa da judo suna haɗa ƙarfi da iya tsayuwa da karanta abokin karawa. Harbin kibiya kuwa natsuwa da saiti yake so.

Waɗanda suka fi yaudarar mutane su ne ƙwallon ƙafa da ƙwallon kwando da ƙwallon hannu da tanis, domin komai suke nema a lokaci guda. Ƙwararren ɗan tsakiya a ƙwallon ƙafa yakan ci kilomita 10 zuwa 12 cikin minti 90, kuma ba gudu ɗaya miƙaƙƙe ba ne: ya zabura, ya ci birki, ya juya, ya yi tsalle, ya sake zabura. A wurin cin birkin nan da juyawa ne jijiyoyin gwiwa suke tsinkewa, sau da yawa ba tare da kowa ya taɓa ɗan wasan ba. Saboda haka mutumin da ya shafe kwana shida a zaune, ranar hutu ya faɗa fili ya buga wasa cikakke, ya ɗora wa jikinsa aikin da bai taɓa koya masa ba.

Amfanin wasa ba sai an tsawaita bayani ba, amma yana da kyau a san ta inda yake zuwa. Zuciya tsoka ce, idan tana aiki a kai a kai takan ƙara yawan jinin da take turawa a bugu ɗaya, sai bugunta ya ragu lokacin hutu, hawan jini ma ya sassauta. Tsokar da ke aiki tana zuƙe sukari daga jini, shi ya sa likitoci ke matsa wa masu ciwon sukari su riƙa motsa jiki. Ƙashi yana ƙara ƙwari idan ana ɗora masa nauyi, kamar a gudu da tsalle, abin da ninƙaya ba ta cika bayarwa ba duk da sauƙinta ga gaɓoɓi. Ga daɗin barci da raguwar damuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarar da ta fitar a 2020, ta ce baligi ya samu minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako, ko minti 75 zuwa 150 na mai tsanani, da kwana biyu aƙalla na ƙarfafa tsoka. Yara 'yan shekara 5 zuwa 17 kuma minti 60 a rana.

Yaya mutum zai gane matsakaici da mai tsanani? Idan kana iya magana amma ba za ka iya rera waƙa ba, kana kan matsakaici. Idan kalma biyu ko uku kawai kake fitarwa kafin ka ja numfashi, ka shiga mai tsanani. Mai son lissafi sai ya cire shekarunsa daga 220, abin da ya rage shi ne kimanin ƙololuwar bugun zuciyarsa a minti. Ɗan shekara 40 zai samu 180, matsakaicinsa kuwa kashi 50 zuwa 70 cikin ɗari na wannan, wato 90 zuwa 126. A ɗora yatsu biyu a wuyan hannu, a ƙirga bugu na daƙiƙa 15, a ninka sau huɗu. Kintace ne dai, kuma ba ya aiki ga mai shan wasu magungunan hawan jini da ke rage bugun zuciya.

Yanzu ga inda aka fi yin ɓarna. Numfashi da tsoka suna sabawa da aiki cikin 'yan makonni, amma jijiya da ƙashi sai sun ɗauki watanni. Sai mutum ya ji haki ya ragu, ya ninka nisan gudunsa, alhali jijiyar dunduniya da ƙashin ƙwauri ba su kai nan ba. Daga nan ciwon ƙwauri da kumburin jijiya suke farawa, wani lokaci har tsagewar ƙashi. Masu horarwa kan ce kada ƙarin mako ya wuce kusan kashi goma cikin ɗari na makon baya. Wanda ya daɗe bai motsa ba ya fara da minti 20 zuwa 30, kwana uku a mako, yana gudun minti ɗaya da tafiyar minti biyu. Tsokar da aka ba wuya da ɗaga nauyi a bar ta ta huta kamar awa 48. Tsamin jiki da ke tasowa washegari, ya yi ƙamari a kwana na biyu, ba abin tsoro ba ne, zai wuce. Ciwo mai suka a wuri ɗaya, ko a cikin gaɓa, ko wanda ke sa ɗingishi, wannan kam a dakata.

Ɗumama jiki ma ana yi masa riƙon sakainar kashi. Wasu su tsaya wuri ɗaya su ja ƙafa sau biyu, su ce sun shirya. Abin da ake bukata minti 10 zuwa 15 ne: sassarfa har gumi ya fara tsatsafowa, sannan ɗaga gwiwa, gudun gefe, tsugunna-tashi, a ƙare da gajerun zabura irin waɗanda wasan zai nema. Doguwar miƙa a tsaye a bar ta sai an tashi. Hukumar FIFA tana da tsari na minti 20 mai suna 11+, wanda bincike ya nuna yana rage raunuka sosai ga ƙungiyoyin da suka lizimce shi. A cikinsa akwai atisayen da muke ganin bai kamata mai buga ƙwallo ya bari ba: ka durƙusa a kan gwiwa, abokinka ya danne maka idon sawu, ka riƙa sunkuyowa gaba a hankali jikinka a miƙe, har ka kasa riƙewa ka tare ƙasa da tafin hannu. Sau biyar, a huta, a sake biyar, ya isa ga mai farawa. Yana ƙarfafa tsokar bayan cinya, wadda ita ce ta fi yawan yagewa a wurin zabura.

Batun ruwa, a auna nauyi kafin wasa da bayansa. Kowane kilo ɗaya da ya ragu kusan lita ɗaya ce ta gumi, kuma da zarar asarar ta kai kashi biyu cikin ɗari na nauyin jiki, ƙarfi da hankali sun fara ja baya. A mayar da ita sannu a hankali, da ɗan ƙari. Wanda ya rikice ko ya fara sambatu cikin zafin rana, a cire masa kaya a jiƙa shi da ruwan sanyi nan take, a kuma nemi asibiti.

Idan an yi targaɗe, kuskuren da aka fi yi shi ne murzawa da ja, wanda ke ƙara zubar jini a ciki. A naɗe ƙanƙara a tsumma a ɗora minti 15 zuwa 20, a ɗaure da bandeji ba tamau ba, a ɗaga ƙafar sama da ƙirji. In mutum ya kasa taka ƙafar taku huɗu, a je a ɗauki hoto. Wanda ya bugu a kai ya ga jiri, ko ya yi amai, ko ya manta abin da ya faru, kada ya koma wasa a ranar, ko da ya rantse ya warware.

Mai ciwon zuciya ko sukari ko hawan jini, da duk wanda ya taɓa jin ciwon ƙirji ko ya suma yana motsa jiki, ya ga likita tukuna. Ɗan wasan Kamaru Marc-Vivien Foé ya faɗi a fili a Faransa a 2003 bai tashi ba. Christian Eriksen na Denmak ya faɗi haka a 2021, aka ceto shi saboda an fara danna masa ƙirji nan da nan, aka kuma sa masa na'urar farfaɗo da bugun zuciya. Idan ɗan wasa ya yanke jiki ya faɗi ba wanda ya taɓa shi, ba ya amsawa, numfashinsa kuma ba daidai ba, a tura wani ya kira agaji, a ɗora hannu bisa hannu a tsakiyar ƙirji, a danna zurfin santimita 5 zuwa 6, sau 100 zuwa 120 a minti, kada a tsaya sai ma'aikatan lafiya sun karɓa.

Mun gode, Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naku,
Wasu masu horar da 'yan wasa