Kafin ku yi shatar jirgin ruwa don yawo a tafkin Kainji

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, muna roƙon ka ba mu fili a wannan jarida mai farin jini mu yi magana da iyalai da ɗalibai da 'yan ƙungiyoyin zumunci masu haɗa kuɗi lokacin hutu ko bikin Sallah su yi shatar jirgin ruwa don shan iska a kan tafki, ko a Yawuri ko Sabuwar Busa ko Tiga. Abu ne mai kyau, kuma muna son ya ɗore. Wanda ya taɓa ganin hantsi a tsakiyar Kainji, Sarkawa na jefa birgi, tsuntsaye na tashi daga cikin burgu, ya san kuɗinsa ba su tafi a banza ba.

Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami shi ne, mai shata yana riƙe da ikon da fasinjan jirgin fito ba shi da shi, amma sau da yawa bai san yana da shi ba. Fasinjan ranar kasuwa ya tarar an riga an loda buhuna da babura, sai dai ya shiga ko ya kwana a kwata. Haka mutane sama da 150 suka shiga jirgin da ya rabe biyu a kusa da Wara ta jihar Kebbi a watan Mayun 2021. Haka ɗaliban Islamiyya suka shiga wanda ya nutse a dam ɗin Watari da ke Bagwai a ƙarshen Nuwamban 2021. Allah ya jiƙansu da rahama. Shi kuwa mai shata, shi ke zaɓen jirgi, shi ke faɗin mutum nawa za su shiga, shi ke yanke lokacin tashi da na dawowa. In wani abu bai yi masa ba, ya mayar da kuɗinsa aljihu ya nemi wani jirgin.

A fara da sanin ruwan. Tafkin Kainji ya samu ne da aka kammala madatsar ruwa a kan kogin Kwara a 1968. Tsawonsa ya kai wajen kilomita 135, kuma a tsakiyarsa, wajen tsibirin Foge, faɗinsa ya haura kilomita 20. A wannan sararin iska ba ta da abin da zai tare ta, shi ya sa taguwar ruwa ke tashi da girma cikin ɗan lokaci. Abu na biyu, ƙarƙashin ruwan akwai tsohuwar Busa da ƙauyuka da gonaki da daji, kuma itatuwa da yawa suna nan tsaye. Tafkin yana cika daga ƙarshen damina zuwa lokacin sanyi, saboda ruwan da ya taso tun daga tsaunukan Gini sai wajen Disamba yake isowa. Daga nan ya yi ta ja da baya har Yuli ko Agusta, yakan sauka da kusan mita 10. Kututturen da jirgi ya wuce ta kansa lafiya a Janairu, a watan Mayu yana iya zama kamu ɗaya ƙarƙashin ruwa, ba a ganinsa, yana jiran katakon ciki. Saboda haka matuƙi ya zama ɗan wannan ruwan, wanda ke bin hanyar a wannan makon, ba gwani daga wani wuri ba. A je ta hannun Sarkin Ruwa ko shugaban kwata, shi ya san wa ke da hankali a cikin yaransa. A kuma tambaye shi ina ake iya sauka, domin dajin da ke ɓangaren Borgu ya yi fama da 'yan bindiga a shekarun nan.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne Nuwamba zuwa Fabrairu. A tashi da ƙarfe 7 na safe, a dawo kafin la'asar. In hazo ya yi kauri har ba a hango gaɓa, a bi bakin ruwa ko a ɗaga tafiyar. Daga Afrilu zuwa Yuni, da kuma ƙarshen damina, hadari kan taso daga gabas da yamma liƙis, iskarsa na riga ruwan sama isowa. In aka ga walƙiya a fara ƙirga: duk daƙiƙa 3 kafin a ji tsawa, nisan kilomita 1 ke nan. Ƙasa da daƙiƙa 30, a nufi gaɓa mafi kusa, ba sai wadda aka baro mota ba. Tafiyar dare kuwa NIWA, hukumar kula da hanyoyin ruwa na cikin ƙasa, ta hana ta, kuma haɗarin Patigi na Yunin 2023, inda sama da mutum 100 suka rasu suna dawowa daga biki, da dare ya faru.

Yanzu jirgin. Kada a biya ko sisi sai an gan shi a kan ruwa. A ɗaga katakon da ake takawa a duba ƙasa. Ɗan ruwa a cikin jirgin katako ba sabon abu ba ne. A sa a kwarfe shi tas, a jira minti 15, a sake dubawa. In ya dawo har ya rufe yatsa, jirgin na yoyo tun yana tsaye, balle ya fara dukan ruwa da kaya a ciki. A danna katakon da bakin makulli, musamman wajen da aka ɗaura inji a baya da inda katako ya haɗu da katako. In makullin ya shige kamar cikin rogo dafaffe, katakon ya ruɓe, kuma sabon fenti ba ya gyara ruɓa. Mutane na raina ruwan da ke cikin jirgi, alhali lita 1 kilo 1 ce, kuma ba ya zama wuri guda: jirgi na karkata kaɗan, sai ruwan ya gangara can gefen ya ƙara danne shi.

Inji shi ne inda ya kamata a fi ɓata lokaci, domin yawancin tashin hankalin da ake shiga a tsakiyar ruwa daga mutuwar inji yake farawa. A sa matuƙi ya tayar da shi a gabanku. In sai ya ja igiya sau 10 kafin ya kama, a tsakiyar tafki ma haka zai yi, lokacin da iska ke juya jirgin. Da ya kama, a duba bayan injin: akwai siririn ruwa da ke tsartuwa, wanda makanikai ke kira fitsarin inji. Shi ke nuna famfon sanyaya inji na aiki. In babu, ko yana ɗiga kaɗan-kaɗan, robar famfon ta cinye ko ciyawa ta toshe mashigar ruwa, kuma cikin 'yan mintoci injin zai yi zafi ya kame. A ɗaga ƙafar injin a dubi farfela. Zaren raga ko na mamari kan naɗe a bayanta ya yanke robar da ke tare mai, ruwa ya shiga giya. Alamar ita ce man giya ya koma fari kamar madara.

Maganar fetur tana da lissafi. Inji mai ƙarfin doki 40, irin Yamaha da ya cika kwatocinmu, yana shan lita 15 zuwa 20 a awa in an buɗe masa wuta gaba ɗaya. Tankinsa na hannu lita 24 ko 25 ne, wato bai kai awa 2 ba. In an rage wuta zuwa matsakaici, shan man na raguwa sosai, kuma dama mai yawon kallo ba tsere ya zo ba. A raba man gida 3: kashi ɗaya na zuwa, ɗaya na dawowa, ɗaya ba a taɓa shi. Dalili kuwa, dawowa kan zo da iska a gaba, kuma jirgin da ke fuskantar iska ya fi shan mai. Irin wannan injin ana gauraya masa fetur da baƙin mai na musamman, galibi kashi 1 cikin 50, wato rabin lita a lita 25. In an rage, injin ya ƙone. In an zuba da yawa, filogi ya yi baƙi ya daina ba da wuta. Mai shata ya sayi man da kansa a gidan mai, a zuba a gabansa. Man bumburutu da ya kwana a jarka a bakin ruwa kan haɗu da ruwa, shi kuma ruwa ya kwanta a ƙasan tanki inda tiyo ke zuƙa. Wani ƙaramin abu da ke kashe inji bayan minti 5 ko 10 da tashi shi ne mantawa da kwance ɗan noti na iska da ke kan murfin tanki. In injin ya mutu haka kawai, nan za a fara dubawa.

A tabbatar akwai filogi 2 na ajiya da sifanarsu, igiyar tayar da inji ta biyu, wuƙa don yanke raga, filafili 2, gora, bokiti, tocila, da anka mai igiyar da ta kai mita 30 zuwa 40. Amfanin anka a wurin da ba zurfi shi ne ta riƙe hancin jirgi yana fuskantar iska har a gama gyara. Jirgin da ya juya gefensa ga taguwa shi ke kifewa.

Rigar ruwa kowa ya san da ita, amma saka ta daidai shi ne aikin. Ana saka ta tun a kwata, a ɗaure duka maɗauranta. A kama kafaɗun rigar a ja sama: in ta wuce kunne, ta yi yawa, kuma a ruwa za ta zame ta bar mai ita. Rigar babba ba ta yi wa yaro komai. Ta yara ana zaɓenta ne da nauyin yaro, kuma tana da maɗauri da ke bi ta tsakanin ƙafafu. Wadda soson cikinta ya ƙanƙance ko rana ta cinye ɗinkinta, a ajiye ta gefe. Iyayenmu mata su saka ta a kan hijabi su tattare lulluɓin ciki, domin yadi in ya jiƙe yana naɗe hannu da fuska. Uwa kada ta hau da goyo a baya, jaririn ya zo gaba. Maza masu babbar riga su cire ta. In mai jirgi ya ce rigunansa 8 ne ku kuma ku 12 ne, mutum 8 ne za su tafi, ko a yi sahu biyu. Kuma kada wanda ya iya iyo ya ce shi ba ya buƙata, iyon rafi daban ne da na kilomita 5 cikin kaya.

A ɗauki jarkoki 2 ko 3 na lita 20, babu komai ciki, a rufe su gam, a ɗaura wa kowace igiya. Jarka ɗaya na iya riƙe kan babban mutum a saman ruwa. In wani ya faɗa, ita ake jefa masa, mutum ɗaya ya tsaya yana nuna shi da yatsa kada ya ɓace wa ido, matuƙi ya zagayo a hankali ya kashe inji kafin ya iso gare shi saboda farfela. Ba a bin mai nutsewa cikin ruwa, yakan rungume mai cetonsa su tafi tare.

Bayan kowa ya zauna, a leƙa a ga tazarar da ke tsakanin ruwa da bakin jirgi a tsakiya. In ba ta kai wajen santimita 30 ba, a rage mutane. Masu nauyi a tsakiya kuma ƙasa-ƙasa, yara tsakanin manya. Babban abin da ke kifar da jirgin 'yan yawo shi ne hoto: a hango dorina ko wani tsibiri, kowa ya miƙe ya koma gefe ɗaya da waya a hannu. Tun kafin a tashi shugaban tafiya ya faɗa cewa ba mai miƙewa sai matuƙi ya yarda, mutum ɗaya a lokaci guda. Dorina kuwa ba a matsa mata, balle mai ɗa, kuma ba a shiga tsakaninta da zurfin ruwa. In an sauka a gaɓa, a hana yara wanka a wurin da ruwa ya kwanta cikin ciyawa, nan dodon koɗin da ke ɗauke da tsargiya yake. In jirgi ya kife, a riƙe shi, kada a nufi gaɓa da iyo. Jirgin katako da ba kaya mai nauyi yakan zauna a saman ruwa ko ya cika, kuma masu ceto sun fi saurin hango jirgi da kan mutum.

Ciniki a gama shi a tudu: ina za a je, awa nawa, wa ke sayen mai, nawa ne kuɗin jira in an sauka. A ba da rabi, sauran sai an dawo. A yarda tun farko cewa ba ɗaukar fasinja ko buhu a hanya, domin wasu matuƙa na ganin wurin da ya rage a jirgi asara ne. A kuma gaya wa matuƙi cewa in ya ga alamar hadari ya juyo, kuɗinsa cikakku ne, don kada tsoron rasa rabin nan ya sa ya kutsa. A bar sunayen matafiya da lambar matuƙi da lokacin dawowa wajen wani a kwata, a sa waya ɗaya mai caji cikin leda biyu a ɗaure, saboda akwai wuraren da sabis ke ɗaukewa, wanda ke tudu shi zai tayar da jama'a in lokaci ya wuce.

Duk wannan ya shafi Tiga da Challawa da sauran madatsunmu, sai dai bambancin girma. Roƙonmu ga NIWA da N-HYPPADEC, hukumar raya yankunan da ake samar da wutar lantarki daga madatsun ruwa, waɗanda ke raba rigunan ruwa a garuruwan bakin kogi, shi ne su riƙa haɗawa da na yara, su rubuta adadin mutanen da kowane jirgi zai ɗauka da fenti a jikinsa inda mai shata zai gani, su kuma kafa alama a kan kututturan da ke kan hanyoyin da aka fi bi kafin ruwa ya fara sauka a watan Maris.

Mun gode, Malam Edita. Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naka,
Wasu matuƙa da makanikan injin jirgin ruwa,
Yawuri, jihar Kebbi.